Takardar bangon firamare

Asabar da dare, garin Ƙofa

Yau na karanta sakamakon zaɓe da idona! Tun safe nake tsaye a layin zaɓen shugaban ƙasa, gwiwoyina sai zogi suke. Da aka liƙa sakamakon rumfarmu a bangon firamare, Ɗanladi wakilin jam'iyyarmu ya shiga gaya wa tsofaffi wai ɗan takararmu ne ya ci. Na gyara tabarau, na bi rubutun da yatsa yadda aka koya mana a ajin yamma na yaƙi da jahilci.

Na ce, "Ɗanladi, ai namu ya faɗi."

Ya ce, "Baba, yaushe ka iya karatu?"

Faɗuwar ta yi min ciwo, amma an daina karanta min ƙarya. Gobe kowa ya zo ya gani, har jikokina, kafin awaki su cinye takardar.