Ana Shafa wa Keken Baba Mai

Auta,

Gaisuwa mai yawa. Ka gaida Mama da Baba. Jarrabawar Turancin nan ta aikin otal Asabar ce, kuma darasi ɗaya ya hana ni sakat: yadda ake faɗin abin da ake cikin yi, ba tare da an ambaci mai yi ba, kamar "ana share ɗakinka". A Turanci kalma uku ake jerawa, kullum sai na yar da ta tsakiya. Turo min abubuwan da ake yi a gida in riƙa juyawa zuwa Turanci. Ban da shirme.

Yayarka

Yaya Baturiya,

Gaisuwa da jinjina. Mu da ko "kam" na Turanci ba mu sani ba, yau mu ne malamai? To, riƙe: ana neman takalmin Mama (yana kan rufi, ban san wanda ya jefa ba). Ana zagina. Ana wanke kyanwar maƙwabta, tana tsine mana. Ana shafa wa keken ɗinkin Baba mai. Ana sallamar masu kawo ɗinki. Juya su, ki bar yar da ta tsakiya, ba tsiya ta yi miki ba.

Autanki, shugaban makaranta

Auta,

Ina gaisuwa. Na juya uku, na tsaya. Wa ke shafa wa keken Baba mai? Baban da ya kusa cire maka kunne don ka taɓa fedar keken? Kuma tun yaushe Baba ke mayar da ɗinki? Na zauna na tashi, na buɗe littafi na rufe. Jakata na bakin ƙofa. Ka faɗa min gaskiya, ko in bar jarrabawar in hau mota.

Yayarka

Yaya,

Gaisuwa. Ni ke shafa man. Hannun Baba na dama ne ya saki, ranar Talata, yana tsakiyar yanka wuyan riga. Bakinsa lafiya lau, tambayi kunnena. Ya hana a gaya miki, yanzu ya ji na yi ɓaranɓarama. Ga saƙonsa, yana tsaye a kaina: ki mayar da jakar nan ciki. Hannu ɗaya ya kwanta a gidan nan, ba zai yarda na biyu ya ajiye biro ba.

Lahadi zan jira ki a tasha. Ki huta lafiya.

Auta