Littafin da Zai Mayar wa Baba da Bakinsa

Litinin, 3 ga Maris
Tsohuwar kwamfutar Baba ta mutu. Tun da ɓarin jikinsa ya shanye, da maɓalli ɗaya yake magana: ya danna da babban yatsa, harafi ya fito. Sabuwar da muka saya ba ta san maɓallin ba, kamfanin da ya ƙera shi kuma ya rufe. Sai an rubuta masa direba, wato manhajar da za ta gabatar da shi ga kanel, zuciyar kwamfutar. Umma ta ce, "Ba abin da kika karanta ba ke nan?" Na ce e. A makaranta babi ɗaya muka yi a kai.

Alhamis, 6 ga Maris
Na je shagon littattafai, na tarar da guda biyu kan rubuta direba. Mai kaurin yana bayyana dalilin komai, amma ya tsufa. Siririn sabo ne, sai dai kwafa kawai ake yi, babu bayani. Mai shago ya ce, "'Yata, saye za ki yi ko haddacewa?" Na fito hannu wofi.

Asabar, 8 ga Maris
Baba yana son wani abu tun safe. Mun kawo ruwa, mun gyara matashi, mun buɗe taga. Ba ko ɗaya. Daga baya ya rufe ido ya ƙyale mu.

Laraba, 12 ga Maris
Na kira tsohon malaminmu. Ya ce kowane littafi na saya, kanel ɗin ya riga ya wuce shi. "Ɗauki mai dalili. Inda ya yi ƙarya, ki gyara masa." Na sayi mai kaurin.

Lahadi, 23 ga Maris
Misalin farko na littafin ya ƙi haɗuwa ya zama manhaja, an canza sunayen umarnin. Da ya haɗu, kwamfutar ta sandare gaba ɗaya. Na kashe na kunna. Ta tashi lafiya lau.

Talata, 1 ga Afrilu
Kwamfutar ta sandare sau da yawa, na daina ƙirga. Yau na sa maɓallin ƙarƙashin yatsan Baba. Ya danna, lamba ta fito a allo. Ba harafi ba tukuna, da saura. Ya sake dannawa, ya sake, yana kallona.

Umma ta ɗaga littafin don ta goge tebur, ta ce, "Wa ya ɓata miki shi haka?" Ni ce, duk inda ya yi ƙarya na gyara masa. Ban taɓa rubutu a littafi ba, ko da fensir. Wannan da biro na yi.