Zan Sa A Kashe Karnukan Daudu

Zuwa ga Kawu mai Filin Shawara,

Assalamu alaikum. Don Allah ka taimake ni tun kafin in aikata abin da na ƙudurta. Na san na girme ka nesa ba kusa ba, amma a garin nan babu wanda zan gaya wa maganar nan bai yi mini dariya ba.

Ni tsohon akawu ne a ofishin dabbobi na En'e, hukumar gargajiya ta da. Na yi makarantar Midil tun lokacin da karatu yake da daraja. Da kuɗin mai ya zo, aka kawo yara masu sababbin takardu da sababbin motoci, aka ce mu tsofaffi mu ba su wuri. Matata Saude ta rasu, 'ya'yana suna Kano da Kaduna, sai da Salla nake ganinsu. Abin da ya rage mini a gidan shi ne Duna.

Duna kare ne baƙi, babba, irin na Turawa, mai kunnuwa a tsaye. Wani Bature mai haƙa rijiyoyin burtsatse ya bar mini shi da zai koma ƙasarsu. Shi ke gadin gidana da 'yan awakina, ko kaza ba a taɓa ɗauke mini ba. Baturen ya yi masa inshora a wani kamfani a Kano, wato ka riƙa biyan wani abu duk shekara, in kare ya yi ciwo su biya likita. Haladu, ɗan ƙanwata, a kamfanin yake aiki, shi ya ce in ci gaba da biya. Na ci gaba, daga ɗan fanshona, mutane suna cewa boko ya taɓa mini kai. Ban kula su ba. Na yi aiki da dabbobi, na san tsadar magani.

Sai ga Daudu, maƙwabcina, mafarauci, wanda muka tashi tare tun muna yawo ba wando. Ya roƙe ni aron Duna ya yi wa karyarsa barbara, wai yana son iri mai ƙarfi. Na ba shi, da sharaɗin kada ya fita da shi ko'ina. Kawu, ka san abin da mutumin nan ya yi? Ya sa aska ya yanke wa Duna kunnuwa, kamar yadda mafarauta suke yi wa nasu don kada ƙaya ko naman dawa ya kama su, ya tafi da shi farauta duwatsun Roni. Karen da bai taɓa ganin daji ba! Gadu ya farke masa ciki. Daudu ya saɓo shi a kafaɗa ya dawo da shi, ya ɓoye shi a gidansa yana tura masa garin sassaƙe a raunin, bai gaya mini ba sai da wari ya fara fita.

Na sha wulaƙanci a tasha kafin in sami direban da zai ɗauki kare zuwa Kano. Likita ya ce sai an yi aiki, kuma aikin ya fi ƙarfina. Na je kamfanin gabana gaɗi. Suka ce su karen gida suka yi wa inshora, ba karen farauta ba, ga kuma shaida a kunnuwansa. Haladu, yaron da na saya wa littafinsa na farko, ya tsaya yana karanta mini Turanci a hankali kamar ban iya ba. Duna ya mutu a bayan motar da muka dawo, kansa a kan ƙafata.

Daudu ya zo wai ba da haƙuri, ya ƙare da cewa ai kare ne. A majalisarsu kuwa, in na wuce, sai wani ya tambaya ko an yi sadakar uku. Kuma ga karyarsa can tana jan ciki, wato shi ya sami abin da yake so, ni aka bari da rami a bayan gida.

To ga abin da na shirya. Na san yadda ofishin nan yake aiki. In aka kai rahoton haukan kare, ba a tsayawa bincike, za su zo da nama mai guba da bindiga su share karnukan gidan. Na san wanda zan gaya wa, na san kalmomin da ke tayar da su daga kujera. Ina so Daudu ya tsaya a ƙofar gidansa ya ga ana jan nasa a ƙasa ɗaya bayan ɗaya, ni kuma in zo in ce masa ai karnuka ne. Ka gaya mini, ina da laifi? In kana da hanyar da za ta fi wannan ƙona masa rai, ita ma ina so.

Tsohon Akawu, Kazaure.

Amsa:

Baba, wa alaikumus salam. Ni ban yi dariya ba. Dabbar da ta tsare maka gida, ta zauna da kai bayan kowa ya watse, rashinta rashi ne. Allah ya ba ka haƙuri.

An zalunce ka, babu shakka. Daudu ya karɓi amana da sharaɗi ya karya, ya kuma ɓoye maka raunin har lokaci ya ƙure. Wannan ɓoyewar ta fi yankan kunnen muni. Amma ka duba ɗaya gefen. Wanda ya saɓo kare mai jini a kafaɗa tun daga Roni ba mugunta ce ta kai shi ba. Ganganci ne, sai tsoron haɗa ido da kai. Kamfanin kuma, ko da zafi, sharaɗinsu suka bi. Rashin ladabin Haladu magana ce ta gida, ka kai ta gaban uwarsa.

Shirinka kuwa, a'a. Ƙarya ce, kuma kai ka fi ni sanin ba a gidan Daudu za ta tsaya ba. Guba ba ta tambayar sunan mai kare. Za ta ci na makiyayan da ke bayan gari, ta ci kyanwar maƙwabta, a ɗebi duk yaron da kare ya taɓa lasa a kai shi allura. Ran da gaskiya ta fito, sunanka na tsohon ma'aikaci, wanda shi kaɗai sababbin yaran ba su iya ƙwace maka ba, kai da kanka ka zubar.

Ga hanya. Ka kai ƙara wurin mai unguwa, ka nemi a kira Sarkin Baka, shugaban mafarauta. A gabansu Daudu ya amsa cewa ya ci amana, ya ɗauki ɗawainiyar da ka yi. Ga mafarauci, a ce ba a ba shi aron kare, wannan ya fi masa ciwo fiye da yadda kake zato.

Sannan ka sake karanta wasiƙarka. Ka ce karyar tana jan ciki. Cikin wa? Duk abin da ya rage na Duna a duniya yana cikin karyar da kake shirin sa wa guba. Ka nemi a yanke cewa kai za ka fara zaɓa in ta haihu, kuma aska ba za ta taɓa kunnen naka ba. In za ka yi masa inshora, ka sa su bayyana maka abin da ba sa biya tun kafin ka ba da ko kwabo.

Allah ya sanyaya maka zuciya, ya sauke karyar lafiya, ya sa a samu baƙi a ciki.

Kawu.