Ɓangare Ɗaya da Uwarki

Mokpo, 4 ga Afrilu

Yaya Okhi,

Gaisuwa mai yawa. Ya maigidan, ya shirin bikin 'yarki Dasom? Ganyen tekun da kika aiko ya iso, na yi miya sau biyu. Na gode.

Na zaɓi takarda ne saboda a waya kina rinjayata kafin in kai ƙarshen magana. Wannan ce ta uku, na yaga biyu.

Yau kwana casa'in da ɗaya da cire min nonon hagu. Nas ta haɗa ni da wata ƙungiyar mata masu ciwon daji irin nawa, suna zuwa gidan wanka duk Talata da sassafe kafin jama'a su cika. Da na je, na tsaya rungume da tawul, sai shugabarsu, Madam Pyo, ta ce, "Ke baƙuwa, sauke mana! Mu tara ne a nan, nono bakwai gare mu, wa ke da lokacin kallonki?" Rabona da dariya tun kafin tiyata.

Gidan wankan tsohuwar unguwarmu ne. Iya Bunim mai cuɗa baya tana nan, ta tsufa amma hannun bai mutu ba. Tana cuɗa ni ta kai kan tabon, sai ta tsaya. Ta ce, "Ayya, 'yar Sunja. Ɓangare ɗaya da uwarki."

Na ce ai ciwon huhu ne ya kashe Inna. Ta ce, "Huhun wa? Da ta daina fitowa ni nake zuwa gida in wanke ta. Tambayi yayarki, ita ke riƙe min ruwan zafi."

Na dawo na buɗe littattafan da nake rubuta komai a ciki. Shekara goma sha ɗaya a jere, duk watan Maris, na rubuta: "Yaya ta tafi Seoul ganin likitan haƙori." Na kuma ga ranar da na fara jin ƙulli a nonona. Wata takwas na zauna da shi, ina cewa ai ba mu gaji wannan ba. Ranar da likita ya tambaye ni ko akwai mai ciwon a danginmu, kina gefena riƙe da jakata. Na ce babu. Ba ki ce komai ba.

Wataƙila tsufa ne ya rikita ta. Wataƙila ni ce ke haɗa abin da bai haɗu ba, kin san halina. Ki ce min kuskure na yi.

Ƙanwarki,
Miran

Daejeon, 9 ga Afrilu

Miran ƙanwata,

Ya jiki? Kina cin abinci kuwa? Wa ya ce ki shiga ruwan zafi yanzu? Ita kuma waccan tsohuwar, bakinta ya fi hannunta kaushi.

To, gaskiya ta faɗa. Kina shekara tara, ina sha bakwai. Baba ya sa na rantse a gaban hoton Inna, ya ce in maganar ta fita ba gidan da zai karɓe mu aure. Haƙorana lafiya lau, hoton nono nake zuwa a ɗauka. Sau nawa na ɗauki waya in gaya miki! Amma ke da ƙurji ke hana ki barci? Na ce bari ki ƙara girma, daga baya kuma kunyar daɗewar ta kama ni. A gaban likitan nan harshena ne ya ƙi motsi. Ki zage ni, na cancanta.

Abu ɗaya nake roƙo. Iyayen angon sun tambayi ciwonki, na ce musu tsautsayi ne, ba gado ba. Dasom ma haka ta sani. Ki riƙe bakinki zuwa Oktoba, a gama biki. Wata shida ne kawai.

Ina zuwa Asabar da kimchi na kabeji mai yaji da romon ƙashi. Ki huta lafiya.

Yayarki

Mokpo, 16 ga Afrilu

Yaya,

Ina gaisuwa. Na gode da kika fasa zuwa kamar yadda na roƙa.

Na gaya wa likita gaskiyar ciwon Inna, ya gyara takardata, ya canza wasu gwaje-gwajen. Ya tambaya ko akwai 'yan mata a dangi.

Wata shida kika ce. Nawa takwas ne.

Na kira Dasom, ta zo jiya Talata. Na kai ta gidan wanka, na sauke tawul, Iya Bunim ta faɗa mata sauran. Abin da za ta gaya wa surukanta, ita ta sani. Ban tabbata na yi daidai ba, haka ma na rubuta a littafina.

A tashar jirgi ta tambaye ni ko Maris mai zuwa za ki tafi da ita wajen likitan haƙorin. Na ce ta tambaye ki.

Miran