Na Yau Ne

Lahadi, 9 ga Fabrairu, 2025

Yau ma an fita da shi. Farfesun kaza, tun la'asar nake kansa, hayaƙi ya cika mini ido. Baban Kulu ya ɗauki kwanon da murfinsa ya kai ƙofar gida, 'yan majalisarsa suka zagaye. Kwano ya dawo kamar an wanke. Na ce yaya gishiri, ya ce abokinsa Malam Maitama ya yaba sosai.

Malam Maitama! Ni Malam Maitama na aura?

Tun da aka kawo ni gidan nan ban taɓa zama na ga mijina yana cin abin da na dafa ba. Da safe koko a tsaye, yana sauri ya tafi fadamar Ƙarfi wajen tumaturinsa. Da rana a gona. Da dare a tabarmar ƙofar gida, shi da abokai. Da Kulu tana gida ban cika damuwa ba. Yanzu ta tafi makarantar kwana, daga ni sai kaji.

Litinin, 10 ga Fabrairu

Na leƙa gidan maƙwabciyata Sekinat aron rariya. Matar Adekunle mai gyaran injin ban-ruwa. Haihuwar Funtua ce, Hausarta ta fi tawa kaifi, musamman wajen tsiya. Ta nuna mini wani abu a wayarta: 'ya'yan itace an soke a tsinke, an tsoma a narkakken sikari, suna ƙyalli kamar gilashi. Wai ran Juma'a ranar masoya ce, shi za ta yi wa mijinta, Baban Dami.

Na ce mu ba mu san wannan ba. Ta ce, "Maman Kulu, ranar ce ba ku sani ba ko masoyan?"

Mara kunya kawai.

Amma na dawo gida abin yana ta yawo a kaina. Ba ranar ce ta dame ni ba, Allah ya sani. Abin da na hango shi ne, wannan ba irin abin da magidanci zai fita da shi gaban abokai ba ne. Ja, mai ƙyalli, a tsinke kamar na yara. Kunya kaɗai ta isa ta zaunar da shi. Dole ya ci a cikin gida, a gabana. Sau ɗaya dai a rayuwa.

Talata, 11 ga Fabrairu

Na gwada. Na ɗauka wadda ta iya tuwon madara da gullisuwa ba sikarin da zai gagare ta. Ashe da saura.

Da kankana na fara don ita ce a gida. Ruwanta ya tsinka sikarin, ya zame ya bar ta tsirara, tana ɗiga. Na sake ɗorawa, ina juyawa da ludayi yadda aka koya mini tun ina yarinya, sai ga shi ya dunƙule ya koma gari fari fat. Ina cikin tsaki Sekinat ta leƙo ta katanga: "Kin juya ko? Ba a juyawa! Ki ɗora ki naɗe hannu."

Wace mace ce za ta ɗora tukunya a wuta ta naɗe hannu tana kallo? Wanda ya ƙirƙiro abin nan bai taɓa zama da uwar miji ba.

Tukunyar tana can na jiƙa ta. Tururuwa kuwa sun yi biki.

Laraba, 12 ga Fabrairu

Na ƙone a yatsa. Baban Kulu ya gani, ya ce in shafa man kaɗe. Bai tambayi me ya ƙona ni ba.

Alhamis, 13 ga Fabrairu

Sikarin ya yi! Wallahi ya yi.

Sekinat ta samo mana tsinke wajen mai tsire, na wanke shi da ruwan zafi don kada soyayya ta yi warin ƙuli-ƙuli. Tuffa, abarba, lemo mai ɓarewa, dabino. Sirrin ashe a goge su da tsumma mai tsabta har su bushe sarai. Sikari da ɗan ruwa, wuta daidai, hannu a baya. In ya fara canja kala a ɗiga kaɗan a ruwan randa. In ya yi laushi, da saura. In ya yi ƙas a haƙori, a sauke a tsoma da sauri.

Ita kalar kanti ta sa. Ni na ce zoɓo yana nan me zai kai ni kanti? Na tace ruwansa na dafa sikarin da shi. Nawa ya fi nata ja, har da ɗan tsami mai daɗi. Ta ɗanɗana ta yi shiru. Shirun Sekinat ba ƙaramin yabo ba ne.

Sai ta ɓata rawarta. Wai me zan ce masa in na miƙa? In ce "masoyina." Na ce ki rufa mini asiri, mutumin da ko sunansa ban taɓa kira ba? Ta ce to ki ce "naka ne." Na gwada faɗa ina fuskantar randa, sai na ji kunnuwana sun yi zafi. Zan dai san abin da zan ce. Ai ba yaro ba ne, in ya gani zai gane.

Juma'a, 14 ga Fabrairu

Ban ma san ta inda zan fara ba.

Yana fita gona na hura wuta. Na yi su cike da babban faranti, na jera, jajaye, rana tana dukansu suna walƙiya. Na yi wanka, na sa atamfar da ya taɓa cewa ba laifi. Ya dawo da hantsi, ya yi wanka, ya sa fararen kayan Juma'a, yana gyara hula. Da na yi niyyar bari sai dare, amma zuciya ta ƙi haƙuri. Na ɗauko farantin na ajiye a gabansa, na ɗaga faifan.

Ya tsaya yana kallo. Ya ce, "Wannan fa?"

"Naka ne" na so in ce. Abin da ya fito kawai: "Na yau ne."

Fuskarsa ta washe. Rabon da in ga ya yi mini irin wannan murmushi na manta. Ya ce, "Kai, madalla! Ashe kin tuna da ranar. Allah shi yi miki albarka." Na ce a raina ashe mutumin nan ya san komai, shiru kawai yake yi. Na sunkuyar da kai ina wasa da bakin zane.

Ina ɗago kai sai bayansa na gani. Ya mayar da faifan, ya ɗora farantin a hannu, dardumar salla a kafaɗa, ya fice.

Na tsaya a tsakar gida kamar an dasa ni.

Bayan an sauko Mero matar Malam Maitama ta shigo yi mini sannu da aiki, ita ta kwashe mini labarin duka yadda mijinta ya ba ta. Yau rabin Sha'aban, ga kuma Juma'a. Ranar da na "tuna" ke nan. Sadaka ya ɗauka na yi. Liman ya ɗauki huɗuba a kan ranar masoya, ya ce baƙuwar al'ada ce, iyaye su sa ido a kan 'ya'yansu. Ana sallamewa Baban Kulu ya buɗe faranti a ƙofar masallaci. Dattawa da furfurarsu suka jeru, kowa da jan tsinke a hannu, ƙas, ƙas, ƙas. Liman kansa ya ci, ya nemi ƙari, ya ce bai taɓa cin sadaka mai daɗin wannan ba. Aka shafa fatiha, Allah shi kai ladan kabarin Hajiya mahaifiyar Malam Ummaru, wato surukata.

Na ce da Mero, shi fa? Ya ci?

Ta ce, "Ina! An yi an yi, ya ce abin da aka fitar don Allah ba zai sa wa hannu ba."

Ko ɗaya. Ko lasa.

Ya dawo mini da faranti da tsinkaye a ciki, yana fara'a, wai na fitar da shi kunya a gari. Na karɓa na ce amin. To me zan ce? Wa ya taɓa kai ƙarar sadaka? In buɗe baki in ce ladan da aka aika wa Hajiya a dawo mini da shi? Allah ya jiƙanta, ba ta yi mini komai ba. Amma na shiga ɗaki na yi kuka, kukan baƙin ciki, ba na tausayi ba.

Asabar, 15 ga Fabrairu

Na yi miyar kuka ba man shanu, ba nama, da gangan. Bai lura ba. Malam Maitama ne ya aiko a tambaya ko lafiya nake.

Lahadi, 16 ga Fabrairu

Na zama abin kwatance a unguwa. Mata sai shigowa suke, wai Maman Kulu mai alheri, yaushe za a sake irin sadakar nan, in koya musu kafin azumi. Wata tsohuwa har riƙe mini hannu ta yi tana sa albarka, daidai kan yatsan da ya ƙone.

Sekinat kuwa dariya har ta zauna a ƙasa. Da ta samu numfashi ta ce, "Ke ma mi ya kai ki cewa na yau ne? Yau ai ta kowa ce. Da kin ce naka ne, da ba mai ɗauka."

Wato ni ce da laifi? Mace ta ƙona yatsa, ta sa atamfa ranar da ba biki ba suna, ta tsaya a gabanka tana sunkuyar da kai kamar amarya, kai kuma ka ga sadaka? Mutumin da daga nesa yake gane tumaturin da ke jin ƙishi? Ta ce in faɗa masa kawai. Na ce in sai na faɗa, to me ya rage a ciki?

Na gama. Ba ni ba sikari. Ya ci gaba da auren majalisarsa.

Talata, 18 ga Fabrairu

Injinsa na ban-ruwa ya lalace, ya kai wa Adekunle da safe. Ya daɗe. Da ya dawo sai na gan shi wani iri. Ya shiga ɗaki ya fito, ya leƙa akurkin kaji wanda bai taɓa kulawa da shi ba, ya yi gyaran murya, ya tambaye ni yatsa ya warke? Yau! Sai da ya kusa warkewa.

Da la'asar ya fita ya dawo da baƙar leda, ya ajiye a bakin madafi kamar ba shi ya ajiye ba. Tuffa, abarba, sikari, har da zoɓo. Ya ce wa bango, "Na gan su ne da kyau a tasha." Ya wuce.

Na je katanga na kira Sekinat. Ba ta ko musa ba. Ta faɗa wa mijinta, mijinta ya faɗa wa nawa a kan injin. Wai Baban Kulu ya zauna a kan taya ya cire hula, ya ce, "Innalillahi. Har liman ya ci." Ta ce da ya tashi tafiya sai ya tambayi sunan 'ya'yan itacen.

To sirrina ya zama hirar gareji ke nan. Kuma dubi irin ban-haƙurin maza: a kawo maka aiki a leda. Ba zan yi ba. Su ruɓe.

Laraba, 19 ga Fabrairu

Ba su ruɓe ba tukuna. Na dai ɗauke su daga rana.

Alhamis, 20 ga Fabrairu

Na yi kaɗan. Asarar tuffa ce ba na so, ba wani abu ba. A ƙaramin faranti na sa, wanda ko mutum biyu ba zai isa ba.

Bayan magariba ya shigo ɗaukar tuwo kamar kullum. Na miƙa masa kwanon. Farantin yana gefe a kan tabarma, ban rufe ba, ban kuma nuna ba. Ya dube shi, ya dubi kwanon da ke hannunsa. Ya ce a hankali, ba ya kallona, "Wannan kuma na wace rana ne?"

Da gangan ya yi. Na san da gangan ne. Na ji kamar in ce na ranar tashin ƙiyama. Amma ya tsaya yana jira da kwano mai zafi a hannu, bai motsa ba, kuma na ga tururi yana dukan yatsunsa.

Na ce, "Naka ne." Da ƙyar ya fito, ina kallon turmi.

Ya fita da tuwon. Na ce shi ke nan, an kuma. Sai na ji takunsa ya dawo. Ya cire takalmi, ya zauna a bakin tabarmata a ɗosane kamar baƙo, ya yi bismilla, ya ɗauki tuffa. Daga waje Malam Maitama ya ɗaga murya, "Malam Ummaru, tuwo fa na hucewa!" Ya amsa da baki cike, "Ku ci abinku, yau ciki nike."

Gobe zai sha tsiya, ya kuma sani.

Bai ce da daɗi ba. Sai dai ƙas, ƙas. Ya miƙo mini na abarba, na ce na ƙoshi, sannan na karɓa.

Ashe da gefen hagu kawai yake tauna. Na tambaya, ya ce turmin haƙorinsa na dama ya fashe tun shekarar da aka haifi Kulu, yana taɓa abu mai tauri sai ya ji har kwanya. Duk shekarun nan ban sani ba. Kuma haka ya cinye farantin, yana karkata kai, bai bar ko ɗaya ba.

Ban ce na huce ba. Gobe dai zan tambayi Sekinat ko akwai irin wanda bai kai wannan tauri ba. Saboda haƙorin ne kawai.