Manifol Mai Katanga

Durumi, Abuja

Kawu Maitama,

Gaisuwa mai yawa. Ya gona, ya Inna? Ina lafiya, amma hankalina bai kwanta da Oga Philip, mai garejinmu, ba.

Wani yaro Hanif, babansa darakta ne a ma'aikata, ya kawo tsohuwar motar Amurka garejinmu. Yana son a canja manifol, ƙarfen da ke raba wa inji iska da mai. Iri biyu ne. Ɗaya cikinsa a buɗe, na masu gudu. Ɗaya da katanga a tsakiya, na yawon gari. Hanif ya ce buɗaɗɗen yake so, da kunnena na ji. Oga ya ce to. Yana tafiya, Oga ya ɗaura mai katanga, ya ce in rufe bakina. Kawu, wannan ba cuta ba ce? In faɗa wa mai mota?

Ɗanka, Mato

Karshi

Mato,

Mun amsa gaisuwa, kowa lafiya. Ni ma abin bai yi min daɗi ba. Amma da ƙyar na samo maka wurin nan, kuma ko sifana ba ka gama sani ba. Ka tambayi Ogan tukuna, cikin ladabi. Kada ka tsallake shi.

Allah ya tsare. Kawunka

Durumi

Kawu,

Ina gaisuwa. Na tambaye shi. Cewa ya yi, “Kai ɗan ƙauye, wanke hannunka ka je ka ci abinci.” Mai gaskiya zai amsa haka? Da Hanif ya zo ɗaukar mota na ja shi gefe na nuna masa. Ya yi ta ihu har masu gyaran taya suka taru. Oga ya kwance mai katangar, ya sa masa buɗaɗɗen. Ni ko kallona bai yi ba.

Mato

Durumi

Kawu,

Ina gaisuwa. Yau baban Hanif ya zo da kansa. Ashe shi ya roƙi Oga a ɓoye ya sa mai katanga, don yaron tsere yake yi a hanyar filin jirgi. Jiya ya daki ƙarfen gefen titi. Yana asibiti, ƙafa ce ta karye.

Alhajin ya tambayi wa ya faɗa wa Hanif. Oga ya ce, “Yarona ne, bai sani ba.” Sannan ya karɓi rigar aikina.

Ina tafe a motar Asabar. Kada ka gaya wa Inna tukuna.

Mato