Mako Goma Ina Riƙe Maka Waya

Ya hasken idona, sanyin ƙirjina, inuwar da nake gudu gare ta idan zafin dutsen guga ya ishe ni! Ya mai muryar da ta fi ruwan farkon damina daɗi, mai murmushin da ya sa na ƙona zanen gadon otal har biyu! Ina rubuto maka daga teburin guga, taku bakwai tsakanina da injin wankinka, don idan na ce zan faɗa maka wannan da baki, dariya ba za ta bar ni in kai ƙarshe ba.

Ka tuna ranar da manaja ya ce kujera ɗaya ce ta rage a teburin tarbar baƙi, kuma wanda ya iya Sifaniyanci shi zai hau ta? Ka ja ni bayan kwandon tawul, ka ce da zarar kujerar ta zama taka, za a fara maganar aurenmu. Wayyo, irin tsallen da zuciyata ta yi! Ni na adana maka takardun darasin, ni na bar maka rabin hutuna.

Sai malamarku ta Sifaniyanci ta kai ku darasin abin da ya wuce: yadda ake faɗin abin da aka yi sau ɗaya aka gama, da abin da aka daɗe ana yi. Ta ce kowace Litinin ka tura mata murya ta minti biyu kan yadda ƙarshen makonka ya kasance. Kai kuwa sai ka ƙirga da yatsu kake iya haɗa jimla, don haka ka miƙo min wayar. Ka ce, “Riƙe min, ai ke ba ji kike ba.” Mako goma, masoyina! Kowace jimla sau ashirin! Ko injin wankin nan, da yana da kunne, da ya iya. Ni ina da biyu, kuma nakan kwafe takardun kafin in mayar maka.

Ka tuna Lahadin da ka yi alkawarin zuwa gaida Baba? Tun azahar ya sa kayansa masu kyau. Kawu ya hau mota biyu da ciwon gwiwarsa. Sau uku Inna tana ɗumama shayi. Da yamma ka kira, murya na rawa, ka ce an kwantar da mahaifiyarka a asibiti. Na yi kuka, wallahi na yi kuka, har Baba ya tara mu aka yi mata addu'a.

Washegari ka miƙo min waya. Ka gyara tsayuwa, ka gaya wa malama cewa ka tashi da rana tsaka, ka buga ƙwallo, ka ci biyu, ka yi barci. Estaba muy contento, in ji ka: kana cikin farin ciki ƙwarai. Sau ashirin ka maimaita min farin cikin nan a fuskata, hannuna kuma bai ko motsa ba. Ya furen zuciyata, ashe haka kake? Da Hausa kai gwanin ƙarya ne, amma da Sifaniyanci kalmominka ba su kai na ƙarya ba, sai gaskiya tsirara. A ranar na tsane ka, kuma ban daina son ka ba, abin da ya fi ba ni haushi ke nan.

Shi ya sa na rubuta sunana a ƙarƙashin naka a takardar jarrabawar neman kujerar. Ranar Alhamis ka fito kana washe baki, na shiga ta ɗaya ƙofar. Matar da ke gwada mu ta ce in ba ta labarin wata rana da ta wuce da Sifaniyanci. Na ba ta Lahadin nan kaf, da gwiwar Kawu, da shayin Inna, da addu'ar. Ban yi tuntuɓe ko sau ɗaya ba. Ta tambaye ni ina mutumin yake a ranar. Na ce ƙwallo ya buga, ya ci biyu. Ta ajiye biro, ta daɗe tana kallon ƙofar da ka fita. Ashe labarin da ka ba ta ke nan, don shi ka fi haddacewa!

Ranar Litinin zan fara aiki a teburin. An auna min riga mai ruwan toka. Idan ka turo keken tawul ta gabana, ka gaishe ni da kowane yare ka ga dama.

Kada ka yi zaton zan bar ka, tauraron asubata. Ina zan je? Kujerar da aurenmu ke jira ta samu, ni ce dai a kai. Ban gaya wa Baba komai ba, yana jiranka Lahadi bayan azahar. Amma yau da safe na sayi lemo na je duba mahaifiyarka. Na same ta garau tana shara, na yi mata ya jiki, na gaya mata irin addu'ar da muka yi mata. Ta jingina tsintsiyar, ta tambaye ni ƙarfe nawa kake tashi aiki yau.

Taka har ranar da ƙasa za ta rufe min ido,
Mai guga, wadda ke jin duk abin da kake faɗa.